Yadda Ake Gano Inda Hotuna Suke a Cikin Waya

Mutane da yawa sun ɗauka hotunansu suna zaune ne a cikin Gallery, alhali ita taga ce kawai da ake leƙa su ta cikinta. Ainihin hotunan suna cikin folda daban-daban, kuma ya kamata mutum ya san wuraren kafin ya kai waya wurin mai gyara, domin idan aka yi mata filashin, hotunan hawan Sallah da ya ɗauka a Ƙofar Soro za su tafi tare da komai.

Idan wayarka Android ce, ka buɗe File Manager a Tecno, Infinix ko itel, ko kuma My Files a Samsung, sannan ka shiga ma'ajiyar cikin waya ka nemi foldar DCIM. A cikinta akwai Camera, inda duk abin da kyamara ta ɗauka yake sauka. Hotunan fuskar waya suna cikin Screenshots, wadda wasu wayoyin ke ajiyewa a Pictures, wasu kuma a DCIM. Abin da aka sauke daga intanet yana Download. Idan an saita kyamara ta riƙa ajiya a memori, to akwai wata DCIM ɗin a can. Hanya mafi sauri ita ce ka buɗe hoton da kake nema ka danna Details, wayar da kanta za ta rubuta maka inda yake.

Hotunan WhatsApp ne suka fi ɓatar da mutane. A da foldarsa tana fili, amma tun daga Android 11, wadda ta fito a 2020, sai an shiga Android, sannan media, sannan com.whatsapp, WhatsApp, Media, kafin a isa WhatsApp Images. A nan akwai wata folda mai suna Sent da ke ɗauke da hotunan da ka tura wa wasu. Gallery ba ta nuna ta, kuma sau da yawa ita ce ke cinye wuri a ɓoye, musamman ga 'yan kasuwa masu tura hoton atamfa ko takalmi ga kwastomomi kullum.

Sai a yi hattara da Google Photos, manhajar Google mai ajiye kwafin hotuna a intanet, domin yana nuna har hotunan da ba sa cikin waya, waɗanda ke asusun Google kawai. Wurin ajiyar da Google ke bayarwa kyauta 15 GB ne, tare da Gmail da Drive, kuma da ta cika sabbin hotuna sun daina hawa. A ganina bai dace mutum ya danna Free up space ba sai ya tabbatar yana tuna kalmar sirrin imel ɗinsa, tunda wannan maɓalli na Google Photos yana goge kwafin da ke waya ne, ya bar na asusun Google kawai.

A iPhone babu wannan bin folda. Komai yana cikin Photos, kuma wanda aka goge yana zama a Recently Deleted har kwana 30 kafin ya ɓace gaba ɗaya.