Tagar Legas ba tagar Arewa ba ce

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san yadda ɗaki mai sanyi yake: bango mai kauri, 'yar taga can sama, a rufe ta tun hantsi don kada zafi da ƙura su shiga. Iyayenmu ba su yi kuskure ba, domin zafin Arewa busasshe ne, kuma dare yana hucewa. To amma ɗan'uwa, in ka sauka Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 da wannan ilimin, ka ajiye shi a bakin ƙofa. Zafin Legas jiƙaƙƙe ne. Ma'aunin zafi bai cika wuce 33 ko 34 ba, abin da ɗan Maiduguri zai yi wa dariya, sai dai laimar da ke cikin iska takan haura kashi 80 cikin 100, ga shi dare ba ya hucewa sosai. Gumi ba ya bushewa a jiki sai iska na kaɗawa. Saboda haka aikin taga a nan biyu ne: ta shigo da iska, ta tare rana.

Ni ma sai da na sha wuya na gane. Shekarar da na samu ɗan gida nawa, na cire tsofaffin tagogin luba, masu fallayen gilashin nan, na sa masu zamewa da baƙin gilashi, don su ake yayi. Damina ɗaya ta ishe ni darasi. Manyan rigunana na cikin akwati suka yi fumfuna, takalman yara suka yi kore, fanka tana ta juya iska mai ɗumi har asuba. Dalili kuwa a fili yake: taga mai zamewa, komai faɗinta, rabi kaɗai take buɗewa, ɗaya ɓarin yana bayan ɗan'uwansa. Da kuɗina na sayi rabin iskar da nake samu a da.

Kafin ka je wurin mai alminiyam, ka amsa wa kanka tambaya ɗaya game da kowane ɗaki: da iskar Allah zai rayu, ko da na'urar sanyaya ɗaki? Amsar ce ke zaɓa maka taga, ba kwalliya ba.

In iska da fanka ne abin dogaronka, kamar yawancinmu, nemi tagar da ke buɗewa gaba ɗaya. Mai marfi irin na ƙofa, wadda ake turawa waje, ita ce gaba, don tana buɗe kusan duka ramin, marfinta ma yana kamo iskar da ke bin gefen bango ya turo ta ciki. Luba ma kada ka raina ta don ta tsufa. A wurin shigo da iska kaɗan ne ke kamo ta, kuma ana iya karkata ta a bar ta buɗe ana yayyafi. Akwai kuma wadda ake turawa daga ƙasa ta tsaya kamar rumfa, ta dace da banɗaki da kicin da duk bangon da ruwa ke duka. A Legas iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, daga teku, kuma ta nan ɗin ne feshin ruwan watan Yuni da Yuli ya fi bugowa. Sannan taga ɗaya ba ta yin iska. Sai da mashiga da mafita, ko a bango biyu masu kallon juna, ko aƙalla a kusurwa. Ɗakin da ke da taga ɗaya tak, a buɗe masa 'yar ƙarama a saman ƙofa.

In kuwa ɗakin na na'ura ne, lissafi ya juya. Luba ba ta rufuwa ruf, sanyin da ka saya yana zurarewa ta tsakanin fallayen. A nan kana son taga mai roba a gefunanta da mariƙi mai matsewa. Kuma sanyin nan ba araha gare shi ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ko kamfanin Eko, mita ba ta san uzuri ba. Janareta kuma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san halin da ake ciki.

Yanzu maganar gilashi, inda aka fi ruɗa baƙo. Za a nuna maka gilashi mai ruɓi biyu, da iska ko iskar gas a tsakani, a ce irin na Turai ne. Gaskiya ne, amma a Turai aikinsa shi ne riƙe ɗumi a ɗaki lokacin da waje ke ƙanƙara, inda bambancin ciki da waje kan kai maki 20 ko fiye. A Legas tsakanin ɗaki mai na'ura da waje bai fi maki 7 ko 8 ba. Babban abokin gaba a nan hasken rana ne da ke ratsa gilashi ya zama zafi a kan katifa da tayil. Farin gilashi falle ɗaya yana barin wajen kashi 80 cikin 100 na wannan zafin ya shige. Don haka abin tambaya shi ne lambar da masu sana'ar ke kira SHGC: tana tsakanin 0 da 1, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon zafin da take tarewa. Gilashi mai shafen Low-E na ƙasashen zafi, wato wani siririn shafe da ke mayar da zafin rana waje, yana iya sauko da ita ƙasa da 0.4 ba tare da ya duhunta ɗaki ba. Ruɓi biyu yana da amfaninsa, musamman ga wanda gidansa ke bakin babban titi ko ƙarƙashin hanyar jiragen Ikeja, don yana rage ƙara ƙwarai. Amma ruɓi biyu na farin gilashi zalla, in rana na dukansa, bai tare maka wani abin kirki ba. Baƙin gilashi kuma yana rage haske, sai dai shi kansa yana shan zafi ya yi ta furzo wani kaso cikin ɗaki.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Mutanenmu na son gilashi mai madubi saboda sutura, don daga waje ba a hango iyali. Da rana kawai yake wannan aikin. Magariba na yi, aka kunna fitila, sai lamarin ya kife: na waje yana ganin komai, na ciki yana kallon fuskarsa. A gidajen Legas da tagar maƙwabci ke taku uku daga taka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Labule dole ne, a ɗakin matan gida kuwa gilashi mai hazo-hazo ya fi rufin asiri.

Abin da ya fi duk waɗannan araha shi ne inuwa. Legas na kusa da tsakiyar duniya, rana na bi ta saman kai, don haka 'yar rumfa a kan tagar kudu ko ta arewa ta wadatar. Ta gabas da ta yamma su ne matsala, musamman ta yamma daga azahar zuwa bayan la'asar. Rumfa mai zurfi, baranda, ko bishiya a wannan ɓangaren sun fi labule, domin kafin rana ta taɓa labule ta riga ta shigo. Ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ma abin da ta ce ke nan: tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in sun wuce a yi musu inuwa.

Firam kuwa, baƙin ƙarfe ba ya ƙarko kusa da ruwan gishiri. A Ajah ko Apapa ko Badagry tsatsa na cinye shi. Alminiyam ya fi jurewa, kodayake yana ɗaukar zafi, shi ya sa fari ya fi baƙi. Na roba mai ƙarfi, uPVC, ba ya tsatsa kuma ba ya ɗaukar zafi, amma marar kyau yana ƙonewa da rana ya yi rawaya. Je ka kasuwar alminiyam ta Dopemu, kusa da Agege, ka ɗaga samfura biyu da hannunka. Nauyi ba ya ƙarya. Araha kuma ba ta ado. A sa ragar sauro mai ciruwa, don ƙura da laima na toshe ta, in ba a wanke ta ba ta zama bango. Ƙarafunan tsaro kuma, don Allah a bar ɗaya mai buɗuwa daga ciki a kowane ɓangaren kwana, makullin a inda yara ma sun sani, saboda gobara.

Ɗan haya, kada ka cire ko ƙusa ɗaya sai mai gida ya amince a rubuce. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ba ka damar neman diyyar gyaran da ka yi in aka tashe ka, amma da sharaɗin wannan takardar, kuma dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. In zamanka ba mai tsawo ba ne, sabuwar roba da raga da rumfa sun ishe ka.

A yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya ɗauke. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe ciko. In an gama, duba ƙasan firam ta waje ko an bar 'yan ramukan da ruwa ke fita, don wasu masu aikin kan toshe su da filasta. Sannan ka rufe tagar, ka sa yaro ya watsa mata bokitin ruwa da ƙarfi daga waje, kai kana tsaye a ciki, mai aikin yana gefenka.