Yadda za ka hau Dutsen Kamaru ba tare da ka sha wahalar banza ba

Duk wanda ka ce wa za ka hau dutse mai aman wuta, abin da zai fara tambayarka shi ne "to in ya fashe kana sama fa?" Malam ba wutar ce matsalarka ba. Gaskiya ne Dutsen Kamaru da ke saman garin Buea ya yi aman wuta a 1999 da 2000, na 1999 ɗin ma sai da narkakken dutse ya gangaro ya tare titin Limbe zuwa Idenau wajen Bakingili, amma abin da ke dawo da mutane ba su kai ƙololuwa ba sanyi ne da ƙarancin iska da ciwon gwiwa, balle irinmu da muka taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cikin zafi. Tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ka ga kenan ka baro gari kana gumi ka je sama haƙoranka na haɗuwa.

Lokaci tukuna. Ka je tsakanin Nuwamba da Maris, in son samu ne Disamba zuwa Fabrairu. Damina kam kar ka fara, don Debundscha da ke gindin dutsen ta ɓangaren teku na samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, ya ninka na Kano wajen sau goma. Sai maganar tsaro, Buea na yankin masu magana da Turanci inda ake rikici tun 2016, ranar Litinin ana zaman gida dole a wurare da yawa, don haka kar ka sa tafiyarka ta faɗa ranar, kuma ka kira ɗan jagoranka ka ji halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin mota. Ni dai ba zan ba ka shawarar bin hanyar Ikom zuwa Mamfe da Kumba ba, don ta cikin yankin rikicin ta ratsa. Ko ka hau jirgin sama zuwa Duwala, daga nan kusan kilomita 70 ne, ko ka bi ta Yola ka shiga Garwa ka wuce Ngaundere ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde sannan bas. Fasfo da katin rigakafin shawara su kasance a jikinka, ka canji sefa tun da wuri.

Kafin ka tafi ka ba ƙafarka aiki na wata biyu. Mutumin Kano ga Dala, na Zariya ga Kufena, na Jos kuwa ya more tunda ga duwatsun Shere. Ka goya jaka mai nauyi ka hau ka sauko ka sake hawa, kuma da takalmin da za ka tafi da shi, kar ka kuskura ka je da sabon takalmi. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, wannan ba wajen nuna jarumta ba ne.

Kaya kuwa ba sai ka kashe dukiya ba, ka shiga layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ko duk kasuwar da ke kusa da kai ka nemi jaket mai kauri da rigar ruwa da hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu da safa biyu ko uku, sai jakar barci da tocila ta goshi da fawa bank. Takalmin ya zama mai kaurin ƙasa don busasshen narkakken dutsen nan kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, kambas ɗin yawo ba zai kai ka ko'ina ba. Guzuri namu na gida ya fi komai, kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da garin kwaki da suga, ba nauyi ba lalacewa. In ta Yawunde ka biyo ka tsaya unguwar Briqueterie wajen 'yan'uwa ka ƙara kilishi.

Dutsen ya zama gandun daji na gwamnati tun 2009, ba a hawa sai da takardar izini da ɗan jagora, kuma ka ɗauki ɗan dako, wallahi kar rowa ta hana ka, domin ruwa ne nauyin. Akwai bukkoki uku na yada zango a kan hanyar hawa, da ka wuce bukka ta ɗaya kar ka sa ran samun ruwan sha, sai abin da aka ɗauko.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda ake kira hanyar Guinness, ita 'yan tseren shekara-shekara ke bi tun 1973, gwanayen cikinsu su hau su sauko cikin awa huɗu da wani abu. Kar ka yi koyi da su, kai kwana uku za ka yi. Ranar farko za ka ratsa gonaki ka shiga kurmi mai duhu da danshi, bishiyoyi duk gansakuka ya lulluɓe su, har bukka ta ɗaya wajen mita 1,850. Kana wuce ta kaɗan sai kurmin ya yanke, ka fito cikin ciyawa da baƙin dutse, nan ne hawan yake tsaye, nan ne kuma mutane ke fara tambayar kansu me ya kawo su. Taku ƙanana, ruwa kaɗan-kaɗan, kar ka biye wa ɗan dakon da ya wuce ka da silifas. A kwana a bukka ta biyu wajen mita 2,850. Salla kuwa kai matafiyi ne ka yi kasaru ka haɗa, ka kuma yi tattalin ruwan alwala.

Rana ta biyu da asuba za a tashi, a wuce bukka ta uku a kai ƙololuwa kafin gajimare ya rufe. In kanka na sarawa kaɗan ba komai, amma in ga amai ga jiri kana tangaɗi to magani ɗaya ne, ka sauko, ko da kana hango ƙololuwar. Iskar saman ba ta bari a daɗe, hoto biyu ka juya. Ka roƙi ɗan jagora ya saukar da kai ta Mann's Spring, wani masauki a wani gefen dutsen, maimakon ka koma ta inda ka zo, don ta nan ne za ka bi ta gefen ramukan aman 1999 kana taka baƙin yashi ƙafarka na nutsewa, ga kuma maɓuɓɓugar ruwa a masauki. Rana ta uku kurmi ne har ƙasa, akwai giwayen daji a dutsen amma da wuya ka gan su, sai dai kashinsu a hanya. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka riƙe sanda ka kuma yanke farcen ƙafa tun a gida.

In da sauran ƙarfi da sefa ka wuce Manengouba kusa da Nkongsamba, inda tafkuna biyu ke kwance a bakin tsohon dutse mai aman wuta, mutanen wajen na kiransu namiji da mace, Fulani Mbororo na kiwo a kewaye. Yawon yini ɗaya ne, amma gangaren zuwa bakin ruwan na da santsi, kuma ka tambayi 'yan gari kafin ka taɓa ruwan don namijin suna da al'adarsu a kansa. Kar ka kafa tanti a kwari dab da irin waɗannan tafkuna, ka kwana a kan tudu. A 1986 tafkin Nyos, wani irin wannan tafki a Kamaru, ya saki iskar gas cikin dare ta bi kwari ta kashe mutum 1,746 da dubban shanu.