Wurin tsayuwa a wasan mawaƙa

Jama'a, in mawaƙan da kuke so za su yi wasa a Gombe, kada ku zubar da kuɗi a kujerun gaba.

Ku yanki ƙaramin tikiti, ku shiga da wuri, ku tsaya daf da teburin mai saita sauti, can tsakiyar fili.

Daga nan yake daidaita murya da kiɗa. Abin da kunnensa ya ji, shi naku zai ji.

Ni da Sallar bara gindin sifika na maƙale. Ganga na dukan ƙirjina, ko baiti ɗaya ban tsinta ba. Kwana biyu kunnena na ƙugi, wallahi.

Amma in kun tarar an ajiye teburin a gefen dandamali, dabarar ba ta ci. Masu son hoto kuwa, sai dai gaban.