Tsohuwar MGB a Legas: birki tukuna, kafireta daga baya

Janyo ta aka yi zuwa garejina da ke Agege, wata Asabar cikin damina, ruwa na ɗiga daga tamfol ɗin da aka lulluɓe ta da shi. Mota ce samfurin MGB, ƙirar 1970, ja, mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta. Ta mahaifin wani Alhaji ce da nake yi wa gyaran motoci a Ikeja, kuma tun rasuwar tsohon, shekara huɗu ke nan, ba wanda ya murza mata makulli.

"Malam, kafireta ce kawai," in ji Alhaji. "Ka saita min ita, da ita nake so in je ɗaurin auren ƙanwata mako mai zuwa."

Na shiga na taka birki. Ƙafata ta zarce har ƙasa kamar na taka kunu. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ta ƙi tashi, a gida za ka wuni. In ta tashi ta ƙi tsayawa a gangaren gada, ga danfo cike da mutane a gabanka fa? Ka ba ni mako uku."

Tsofaffin motocin Ingila da suka ratsa hannuna ba su da yawa, amma duk mai irinsu da maganar kafireta yake shigowa, ni kuwa ita nake taɓawa a ƙarshe. A garin Abingdon aka riƙa ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, an yi sama da dubu 500, shi ya sa har yau ana yin kayan gyaranta a Ingila. A kasuwar Ladipo kuwa sai dai ka samo man birki da giris da tiyo, sauran sai oda. Wannan tamu da sitiyari a dama ta shigo, domin sai a Afrilun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, daga baya aka mayar mata da shi hagu.

Kafin ka kwance komai, ajiye sifanun da ka saba da su a motocin Japan. Notocin MGB da inci aka auna su: 7/16, 1/2, 9/16. Sifana mai lamba 13 za ta shiga kan noti mai rabin inci, ka ga kamar ta zauna, sai ka ja da ƙarfi ta gwigwiye kan notin ya zama kamar ƙwallo. Yaron shagona ya yi min haka a rana ta farko, muka ɓata rabin yini a kan noti ɗaya.

To, birki. Abin da ya fi damuna da irin wadda aka yi wa kasuwar Ingila a wancan zamani shi ne layin birkinta ɗaya ne tal. Bututu ɗaya ya ɓule, duka tayoyi huɗu sun rasa birki. Man birki kuma yana shan ruwa daga iska, iskar Legas kuwa cike take da danshi, ga gishirin teku. Buɗe murfin masta, wato famfon da feda ke turawa, inda ake zuba man birki, ka duba. Sabon mai garai-garai yake, namu ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ruwan da ke cikinsa shi ke cin silinda da tsatsa ta ciki, in birki ya yi zafi kuma ya tafasa, feda ta tafi ƙasa.

Fedar kanta za ta gaya maka inda ciwon yake. Taka ka riƙe da ƙarfi ɗaya. In tana nutsewa a hankali kuma ba ka ga yoyo a ko'ina ba, robobin cikin masta sun mutu. In tana da laushi kamar soso, iska ce a layi. In tana da nisa amma ka bubbuga sau biyu ta yi tauri, yawanci takalman birkin baya ne suka yi nisa da ganga. Gaban MGB faifai ne, bayanta ganga, kuma na bayan ba ya saita kansa. A bayan farantin kowace taya akwai ɗan ƙarfe mai kai murabba'i. Ɗaga tayar, murɗa shi har ta ƙi juyawa, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya ba gogayya. Namu duka biyun sun ƙame, sai da suka kwana biyu ana jiƙa su da mai. Cire gangar kuma ka ɗaga robar bakin silinda. Ka ga danshi, canza silindar, in man ya taɓa takalman su ma sun tashi aiki.

Akwai wani munafukin ciwo da ke ruɗa makanikai da yawa. Tiyon roba uku ne a layin birkin, biyu a gaba, ɗaya a baya. Da ido lafiyarsu ƙalau, amma cikin ya kumbura ya toshe. Ka taka, ƙarfin ƙafarka ya tura mai ya wuce, ka saki, man ya rasa hanyar dawowa, tayar ta riƙe. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗaga tayar, a taka birki a saki. In ta ƙi juyawa, sassauta ɗan nonon fitar da iska da ke jikin kalifa, wato abin da ke matse faifan birki. Mai ya yi tsartuwa, tayar ta saki nan take? Tiyo ne. In ta ci gaba da riƙewa, fistin ɗin kalifa ne ya yi tsatsa. Ni dai motar da ta shekara huɗu a ajiye ba na tsayawa yi wa tiyonta shari'a, duka ukun nake canzawa, tare da duk bututun ƙarfen da na kankare na ga ya yi ramuka.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fara da tayar baya da ta fi nisa da masta, ka ƙare da ta gaba mafi kusa. Ka buɗe nono, ka ce "taka", ka rufe, ka ce "saki", haka har mai ya fito ba kumfa, kana leƙa masta kada ya ƙafe. DOT 4 za ka zuba, daga sabuwar roba da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a gauraya shi da DOT 5, kada kuma wani ya ɗiga maka man giya ko baƙin mai a ciki, robobi kumbura za su yi. In ya zuba a kan fenti, wanke da ruwa nan take. Duk shekara biyu a sauya shi, ko motar ba ta fita ba.

Ƙafafun motar ba su ɗauke ni lokaci kamar birki ba. Ɗaga gaba, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai lilo, sa yaro ya taka birki ka sake. Lilon ya ɓace, boris ɗin taya ne. Yana nan, kinfin ne, wato sandar da taya ke juyawa a kanta in an karya sitiyari. Kinfin giris yake ci, akwai bakunan giris a kowane gefe, kuma littafin motar ya ce duk mil 3,000. A garin da ruwa ke kwanciya a titi daga Yuni zuwa Yuli, ni bayan kowace shiga ruwa nake cewa a ɗura, har tsohon ya fito.

Shokazobanta ba irin dogon nan ba ne da ka sani. Akwati ne mai hannu, cike da mai, kuma a gaba hannun nan shi ne ke riƙe saman tayar. Danna kusurwar motar ka saki. Ta taso ta tsaya, lafiya. Ta ci gaba da rawa, duba man. Akwai noti na ɗurawa, man shokazobar babur yana yi, man birki kuwa haram. In yana tsiyaya ta gindin hannun, ɗurawa ɓata kuɗi ne, sai canji. Bushin roba na hannun ƙasa in ka canza, kada ka ƙarasa ɗaure notocin sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage cikin 'yan watanni. Sifirin ɗin gaba kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum, wanda bai taɓa cire shi ba ya nemi wanda ya taɓa. Duba ma lambobi huɗun da ke gefen taya, mako da shekarar ƙira ne. Na Alhaji zanensu bai ci ba, amma sun haura shekara goma, na ce a zubar.

Har yanzu ba mu zo kafireta ba. Da farko a zubar da tsohon fetur, wanda ya shekara huɗu warin fenti yake yi. A saita tazarar bawul a inci 0.015 injin na sanyi, kwantak ɗin distirbuta shi ma 0.015, filogi 0.025, a tabbatar wayoyin suna bin 1-3-4-2, a saita lokacin wuta. Rabin abin da ake ɗora wa kafireta laifinsa a nan yake. Sannan murza makulli ka kasa kunne. Famfon fetur na lantarki ne, yana can baya kusa da tayar dama, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ya rage sauri, ya yi shiru. Bai yi motsi ba, ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sifana, sau da yawa yana farkawa. Ya ƙi yin shiru, ko dai fetur na zuba a wani wuri, ko iska yake ja. Kada a maye gurbinsa da famfon motar zamani. Wannan kafireta ba ta son matsin da ya wuce psi 3.

Kafireta biyu ce, ƙirar SU, samfurin HS4. Ta gaba tana ciyar da silinda 1 da 2, ta baya 3 da 4, saboda haka filogi kaɗai za su nuna maka mai laifi. Biyun gaba baƙi ƙirin, biyun baya fari fat, ka san ta gaba fetur ya yi mata yawa, ta baya ya yi kaɗan. Kowace tana da murfi kamar ƙararrawa, a ciki akwai fistin mai ɗauke da doguwar allura da ke shiga cikin jet, wato ɗan bututun da fetur ke fitowa ta cikinsa. Injin ya ja iska, fistin ya ɗaga, allura ta buɗe wa fetur hanya. Ke nan duka dabarar.

Cire matatar iska, kwance baƙin murfin da ke can sama, ɗaga fistin da yatsa ka saki. Ya kamata ya sauko sumul ya buga ƙasa, ka ji "ƙwas". In ya maƙale, datti ne, ko allura ta lanƙwashe, ko jet ya kauce daga tsakiya. Wanke da fetur da tsumma mai laushi. Wani ya taɓa kawo min irinta an goge cikin ƙararrawar da samfefa don ta yi ƙyalli, ta tashi daga aiki har abada, domin tazarar da ke tsakanin fistin da murfin ita ce ran abin. Don haka ma ba a musanya murfin ta gaba da ta baya. A ramin sama zuba mai mara kauri, SAE 20. In ya ƙafe, motar za ta yi tari duk lokacin da ka taka totur.

A gefen kowace akwai ɗan kofin fetur mai fulot, abin da ke yawo a kan fetur yana rufe masa hanya in kofin ya cika. In bawul ɗinsa ya maƙale, fetur zai zubo ta bututun ambaliya, kuma a MGB bakin salansa a ƙarƙashin kafireta yake, gefe ɗaya. Akwai farantin kare zafi a tsakaninsu. Na Alhaji wani ya cire ya yar. In babu shi, ka shiga cunkoson Ikorodu Road da rana tsaka, fetur ya tafasa a kofi, mota ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce. Duba kuma ko jet yana komawa sama in an mayar da cok, wato abin da ake ja don ƙara fetur in injin na sanyi, yakan maƙale a ƙasa ya yi ta ɗura fetur. A zafin Legas ma cok ɗin kusan ado ne.

Saitin kansa haka nake yi. Murɗa notin da ke ƙarƙashin kowane jet sama har bakin jet ya yi daidai da gadar da ke cikin maƙogwaron, sannan ka sauko da shi zagaye biyu cif, wato fuska 12 ta notin. Tayar da injin ya yi zafi sosai. Sassauta maɗaurin sandar da ta haɗa kafiretocin biyu don kowace ta tsaya da ƙafarta. Ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin kafireta, wuri iri ɗaya a kowace. Saurari hucin. Juya sukurun silo, mai saita gudun inji in ba a taka totur ba, har hucin biyun ya zama murya ɗaya, injin na juyi 700 zuwa 800 a minti. Maigidan da ya koya min aiki, wani dattijon Bayarabe a Mushin, da wannan tiyon kaɗai yake yi, yana lumshe ido kamar mai sauraren rediyo.

Sai gwajin fetur. A ƙarƙashin kowace ƙararrawa akwai ɗan fil da ke ɗaga fistin. Tura shi ya ɗaga kamar milimita ɗaya. Injin ya ƙara gudu ya zauna a haka, fetur ya yi yawa, murɗa noti sama. Ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan, sauko da shi. Ya ɗan ɗaga murya ya dawo, ka samu. Fuska ɗaya-ɗaya ake juyawa, ana ɗan taka totur tsakani. In ka yi ta juyi silo ya ƙi zama, fesa ɗan maganin wanke kafireta a inda sandar totur ta ratsa jikinta. Muryar injin ta canza, wurin ya ci, iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma ba saitin da zai zauna sai an sa sabon bushi.

Ɗaurin auren dai a Toyota Alhaji ya je. Ranar Lahadi ta huɗu, da sassafe kafin masu zuwa coci su cika titi, muka hau gadar Third Mainland, shi a sitiyari, ni a gefe da sifana mai rabin inci a aljihu. Motar na bin mahaɗan gadar ɗaya bayan ɗaya, ba rawa, ba ƙara. Wajen Oworonshoki na ce ya taka birki da ƙarfi, ta tsaya a miƙe. Muka sauka na taɓa tayoyin da bayan hannu, ukun ɗumi kawai, ta baya ta hagu ta ɗan fi zafi. Na shiga ƙarƙashi na sassauta mata ɗan ƙarfen nan taki ɗaya.