Yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa mai tsallaka iyaka tun daga Legas

Wanda ya saba hawa jirgin Ibadan a tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta zai iya ɗauka cewa tikitin jirgin ƙasa farashinsa ɗaya ne ko yaushe aka saya. A Turai ba haka abin yake ba, domin kuɗin kujera ɗaya yana hawa ne gwargwadon cikar jirgi da kusantowar ranar tafiya. Har yanzu babu jirgin fasinja da ke fita daga Najeriya zuwa maƙwabta, don haka wannan bayani na wanda zai sauka a Turai ne, kuma yana son tsallakawa wata ƙasa ta dogo.

Matakin farko shi ne biza. Jirgin Eurostar yana tashi daga tashar St Pancras a Landan, ya bi ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, ya isa Gare du Nord a Paris cikin awa biyu da 'yan mintoci, amma mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar biza biyu daban, ta Birtaniya da ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa da ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita. Jami'an Faransa suna duba fasfo tun a Landan kafin a hau, wanda kuwa bizarsa ba ta cika ba a nan tafiyarsa za ta tsaya. A ganina bai kamata mutum ya sayi tikiti mai rahusa ba sai fasfo ya dawo hannunsa da biza a ciki.

Da zarar ta fito, kada a yi jinkiri. Kamfanoni sukan buɗe sayarwa watanni kafin ranar tafiya, kuma kujeru masu araha su ne ke fara ƙarewa, musamman na yammacin Juma'a da Lahadi da lokacin Kirsimeti. Jadawalin jiragen Turai yana sauyawa a tsakiyar Disamba kowace shekara, saboda haka idan aka nemi jirgin ƙarshen shekara ba a gani ba, wataƙila ba a saka shi ba ne tukuna.

Wajen saye, shafin kamfanin da ke da jirgin ya fi: Eurostar, ko SNCF Connect na Faransa, ko Deutsche Bahn na Jamus. Dillalai irin su Trainline suna sauƙaƙa kwatanta farashi, sai dai sukan ɗora ladansu. A karanta sharaɗin tikiti da kyau, domin a Jamus, alal misali, tikitin Sparpreis na jirgi guda ne a ƙayyadadden lokaci, shi kuwa Flexpreis ya fi tsada amma yana ba da damar hawa wani jirgin a ranar.

Wurin biya ne mutanenmu suka fi shan wahala. A tambayi banki ko katin naira yana aiki a shafukan waje da kuma iyakar abin da zai iya cirewa, in ba haka ba a yi amfani da katin asusun dala. Banki yakan turo lambar tabbatarwa zuwa layin wayar Najeriya, wadda ba lallai ta iso ba idan mutum ya riga ya sauka a Landan ya sa sabon layi. Saboda haka ya fi kyau a gama komai ana zaune a Agege ko Idi-Araba, a rubuta suna kamar yadda yake a fasfo, a ajiye tikitin a waya, a kuma buga shi a takarda.

Kafin a danna biya, a sake duba sunan tasha. Paris tana da manyan tashoshi da dama: jiragen Suwizalan da Italiya daga Gare de Lyon suke tashi, don haka wanda ya sauka a Gare du Nord sai ya ratsa gari da kayansa, kuma shi zai ɗauki abinsa da kansa. A bar tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu, a kuma tuna cewa agogon Paris yana gaban na Landan da awa ɗaya, lokacin da ke jikin tikiti kuwa na garin da tashar take ne.