Yadda muke yawon kwale-kwale a Daberam ba tare da fetur ya talauta mu ba

Wani abokina ya tambaye ni ko har yanzu muna zuwa dam ɗin Daberam. Muna zuwa, sai dai ba irin zuwan da ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Mu shida muke tashi daga Daura washegarin sallah, mu ɗauki kwale-kwale mai inji a Daberam, mu yini muna zagaye. Cikin 2024 lita ta haura naira 1,000. Biyu daga cikinmu suka janye, masunta da dama kuma suka kwance injinansu suka koma filafili. Mu huɗun da muka rage muka sake dabara.

Tun daga baki, kada ka yi ciniki da mai jirgi a kan awa. Ka yi a kan lita. Ka kawo manka a jarka, ka biya shi kuɗin jirgi da ladan hannunsa daban. In ka ce masa awa biyu, zai ƙiyasta mai da tsada don kada ya faɗi, kuma ba laifinsa ba ne. Mu lita 6 muke kawowa, karo-karo, kowa ya ba da kuɗin lita ɗaya da rabi tun ranar jajibiri, domin wanda bai biya ba da wuri shi ne yake fasawa da safe.

A gidan mai za ka saya. Na taɓa sayen galan a bakin hanya saboda gaggawa, ashe da ruwa a ciki. Muna tsakiyar dam injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Dattijon da ke tuƙa mu ya kwance fulogi, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan man naka ya sha alwala." Da filafili ɗaya muka dawo, rana tana dukanmu, ni ne kuma na yi yawancin tuƙin tunda ni na jawo.

Ƙananan injinan nan, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15, yawancinsu ana haɗa musu fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na man inji, wato lita 5 tana son mililita 100. Ka bar mai jirgi ya haɗa da kansa, shi ya san injinsa, amma kada ka yarda a rage don tsimi. Injin da ya ƙone ya fi jarka goma tsada.

Inda ake asarar mai da gaske shi ne a hannun matuƙi. Samari suna son a murɗe inji har ƙarshe, ruwa yana fallatsa, ana ihu ana ɗaukar bidiyo. A haka lita 6 ɗin nan da kyar take kai awa guda. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudunsa. Bayan nan duk abin da ka ƙara, ƙara ce kawai da hayaƙi. Ka ce, "Baba, a sassauta," a tsaya wajen rabi. Za ka ji muryar injin ta kwanta, gudun kuma bai ragu sosai ba. Masu ƙiba su zauna tsakiya, kada kowa ya taru a baya gindin jirgi ya nutse. A duba farfela kafin a tashi. Ciyawa ko guntun koma da ya naɗe ta yana sa inji ya yi ta wahala a banza.

Man kuma a raba shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A fara tafiya ana fuskantar iska, don ta turo ku gida. Da an kai inda ake so sai a kashe inji. Ni a nan ne ma na gane abin da muke rasawa a da: shiru, da tsallen karfasa, da masunta suna jan koma suna hira daga jirgi zuwa jirgi.

Abin da ban yarda a yi tsimi a kansa ba shi ne yawan mutane. Tsadar mai tana sa a ce a ƙara mutum uku don kuɗin ya yi sauƙi. In mai jirgi ya ce biyar, biyar ne. Rigunan kariya guda huɗu muka saya da kuɗinmu, suna ɗakina. A fito kafin la'asar, musamman da damina, hadari ba ya sallama.

Bara mun dawo da kusan lita 2 a jarka. Muka bar wa Baba, shi kuma ya zuba mana tarwaɗa uku a leda.