Yadda Mai Bi Zai Tsara Kwanakinsa Tun Da Sauran Lokaci

Zabura ta 90, wadda ake kira addu'ar Musa, ta ce shekarun mutum 70 ne, ko 80 in da sauran ƙarfi, sa'an nan a aya ta 12 ta roƙi Allah ya koya mana ƙidayar kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Ana iya fara wannan ƙidaya da biro da takarda. Ka cire shekarunka daga 70, ka dubi abin da ya rage, kana sane cewa ko ragowar ba a yi maka alkawarinta ba, gama Yaƙub 4:14 ya kwatanta ranmu da hazo wanda yakan bayyana na ɗan lokaci ya ɓace.

Daga nan sai ka rubuta yadda makon da ya wuce ya tafi, tsakaninka da Allah: sa'o'in da gona ko kasuwa ko ofis suka ci, da waɗanda waya ta cinye, da waɗanda suka saura wa addu'a da iyali.

A nan ne masu bi da yawa suke ruɗin kansu. Sun san Matiyu 6:33 ya ce a fara biɗan Mulkin Allah, sai su ɗauka cika mako da tarurrukan coci shi ne biɗan. Za ka ga mace tana zumuntar mata ranar Talata, koyon waƙa ranar Alhamis, zaman kwamiti ranar Asabar, amma ba za ta iya tuna ranar ƙarshe da ta buɗe Littafi Mai Tsarki tare da 'ya'yanta ba. Maigidan ma haka, ya fita tun duku-duku ya dawo yara sun yi barci. Marta ma, matar da ta karɓi Yesu a gidanta, hidimarsa take yi lokacin da ya ce mata abu ɗaya ne bukata, kamar yadda Luka 10 ya faɗa. Hidima abu ne mai kyau, sai dai kujerar kwamiti wani zai hau ta bayan jana'izarka ba da daɗewa ba, alhali kujerar uba ko ta uwa babu mai hawanta.

Saboda haka, ka sa a gaba duk abin da ba wanda zai yi maka shi, wanda kuma ba ya yiwuwa bayan rai ya fita. Sulhu yana cikinsu. Idan gaba ta shiga tsakaninka da ɗan'uwanka a kan iyakar gona ko rabon gado, Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ka tafi da ƙafarka a wannan mako, in kuwa kana tsoron maganar za ta yi zafi, ka roƙi wani dattijon ikkilisiya ya raka ka. Tsofaffin iyayenka da ke ƙauye ma sun fi bukatar ganin fuskarka yau da babban bikin da za ka yi a jana'izarsu.

Game da dukiya, tanadi ba laifi ba ne, domin Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar. Laifin mai arzikin nan na Luka 12, wanda ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, shi ne bai sa Allah a lissafinsa ba. In albashi ya shigo ko an yi girbi, ka fara fitar da zakka da rabon mabukata.

Akwai kuma abin da mutanenmu suke gudu, wato wasiyya, kamar rubuta ta kiran mutuwa ne. Annabi Ishaya ya ce wa sarki Hezekiya ya shirya gidansa domin zai mutu, Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15. Shirya gida ba ya rage wa kowa kwana. Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, ka nuna wa matarka inda takardun fili suke, ka bayyana yadda kake so a raba abin da ka bari, sa'an nan ka sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki.